Akwatin Shelar Nura Makro

A Kazaure, in ka ji hayaniya a teburin mai shayi kuma murya ɗaya ce tal take tashi, to ba gardama ake yi ba, Nuruddeen ne yake bayani. Tun da ya karɓo difilomarsa ta kwamfuta ya sayi tabarau marar magani, ya rataya jaka a kafaɗa, ya ce daga yau a kira shi Injiniya. Mutanen unguwa kuwa da suka gaji da jin kalmar makro a bakinsa sai suka laƙaba masa Nura Makro. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, a zatonsa girmamawa ce.

Kawunsa, Alhaji Sama'ilu, ɗan kasuwa ne mai shaguna a garuruwa huɗu. A Kazaure yana sayar da atamfa da leshi, a Babura maganin dabbobi, a Roni taki da iri, a Gwiwa kuma yana gina sabon shagon kayan keke da babur. Yana da tumbi, yana da riƙo, yana kuma da 'ya mai suna Bahijja, wadda Nura yake zuwa zance wurinta. Kawu ya ce ba zai sa rana ba sai ya ga Nura da sana'ar da ido yake iya gani.

Ran nan Nura ya je ya durƙusa a gabansa.

"Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, har yanzu mutane kake sawa suna yi maka shela da baki a ƙofar shago? A wannan zamanin?"

"To da me za su yi, da hanci?"

"Zan haɗa maka akwati. Yana da ido. Mutum na giftawa zai gaishe shi, ya faɗa masa kayan da ke shagon, ya yi maka kirari. Ba ya gajiya, ba ya zuwa sallar da ba ya dawowa, ba ya cin tuwo."

Maganar tuwon ce ta shiga kunnen Kawu. Ya ce a yi guda huɗu.

Nura ya koma gida ya baje kwamfuta a tsakar gida, kusa da yayarsa Adda Tasalla, wadda take tankaɗen garin masara. Ba ta tambaye shi komai ba, amma haka nan ya fara yi mata darasi.

"Adda, wani da aka ba shi aikin nan sai ya rubuta manhaja huɗu. Ni guda ɗaya zan rubuta. Kin san makro?"

"Na san maƙera."

"Saurara. Kafin kwamfuta ta dafa abin da na rubuta, akwai wani bawa a cikinta da yake fara bin rubutun layi-layi. In na ce masa duk inda ya ga kalma kaza ya cire ya sa kaza, haka zai yi. Ba ya tambaya, ba ya tunani."

"Ashe ɗan'uwanka ne."

"Sannan akwai ifdef. Shi mai gadi ne. In na rubuta BABURA a saman fayil, sai ya buɗe ƙofar Babura ya kulle ta sauran garuruwa. In na goge na rubuta RONI, sai ya buɗe ta Roni. Manhaja ɗaya, gari huɗu!"

Ya raba aikin fayil uku: na gaisuwa, na tallan kaya, da na kirarin Kawu. Ya ɗauki muryarsa da kansa, yana maƙale ta irin ta 'yan rediyo. A saman kowane fayil ya rubuta sunan gari, wato duk lokacin da zai haɗa akwatin wani gari sai ya bi fayilolin ya canza sunan a kowannensu. A makaranta malaminsu ya sha faɗa musu cewa irin wannan suna a wuri ɗaya ake ajiye shi, sauran fayiloli su riƙa ɗauka daga can. Nura ya tuna da maganar sarai, ya ce wannan dabarar masu mantuwa ce.

Ranar da zai zuba manhajar a akwatunan, a teburin mai shayi ya yi, don jama'a su gani. Hannu ɗaya yana canza sunayen gari, ɗayan yana riƙe da waya yana gaya wa Bahijja cewa Turawa ma sai sun zo koyo. Mai shayi ya ce ko za a kunna a ji. Nura ya dube shi ta saman tabarau.

"Ni ba na gwada aikina, malam. Masu shakka ne suke gwaji."

Aka tura akwatin Babura da na Roni a mota, aka ajiye na Gwiwa sai ranar buɗe shago, aka kafa na Kazaure a ƙofar shagon atamfa.

Wadda ta fara giftawa ita ce Hajiya Asma'u, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda rabin matan garin har yau in sun hango ta sai sun gyara mayafi. Ta zo da ƙawayenta biyu za su zaɓi ankon biki. Akwatin ya yi ƙyaf da jan idonsa, muryar Nura ta fito tangaram.

"Sannu da zuwa, Hajiya!"

Hajiya ta tsaya, ta yi murmushi. "Ikon Allah. Yawwa, sannu ɗan nan."

"Kaska ce, ko tsutsar ciki, ko ciwon kofato? A matso da ita kusa, a kama ta da kyau, a ɗura mata magani!"

Wani mai lemo ya saki wuƙarsa. Hajiya ta juya a hankali ta dubi ƙawayenta, su kuma suka dubi ƙasa, kafaɗunsu suna rawa.

"Wa za a kama?"

Da ta matsa kusa sai idon ya sake ganinta. "Sannu da zuwa, Hajiya! Kaska ce, ko tsutsar ciki..."

Ta cire takalmi. Duka na farko akwatin ya sha, na biyu Nura, da ya shigo tsakani yana cewa, "Hajiya, matsalar sabis ce, wallahi sabis ne!"

"Sabis ɗin ne ya ga kofato a ƙafata?"

Ya cire wayar wuta ya rungumi akwatin ya yi gida. Adda Tasalla ta riga ta ji labari, don labarin ya fi shi gudu. Ta bar shi ya sha ruwa tukuna.

"Injiniya, ni jahila ce, amma in tambaye ka. In maganin shanu ya zo Kazaure, atamfar ina ta tafi?"

Nura ya ajiye kofin. Ya dube ta. Ya zabura ya fita ko hula babu, yana ƙwala wa ɗan acaɓa kira.

Ranar kasuwar Babura ce, shagon maganin dabbobi ya cika da makiyaya. Nura ya sauka daga mota ya tarar da taro a ƙofar shago, wasu sun riƙe ciki, wani ya zauna a ƙasa yana share hawaye. A tsakiya ga Ardo Muhammadu Lawal, dattijo dogo mai farin gemu, wanda ko sa mai faɗa yake ladabtarwa da kallo. Yana tsaye a gaban akwatin da sandarsa, akwatin kuwa yana ta aikinsa.

"Barka da zuwa, Ardo! Sabuwar atamfa ta iso, ga leshi mai walƙiya. A ɗaura a yi kwalliya, maigida ya kasa fita daga gida!"

"Maigidan wa?" in ji Ardo. Ya ƙwanƙwasa akwatin da sanda. "Kai na ciki, fito ka faɗa a gabana."

Nura ya kutsa cikin taron. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ƙaramar matsala ce ta..."

Ardo ya juyo. Ya karkata kunne. "Sake magana."

Nura ya ga yadda idanu suka dawo kansa, sai ya gane kuskurensa. Ya rufe baki gam.

"Muryar ce!" wani saurayi ya yi ihu. "Wallahi shi ne na cikin akwatin!"

Nura ya girgiza kai, ya nuna bakinsa, ya shiga yin "be, be" irin na bebe.

"Yanzu ka ce ranka ya daɗe."

"Be."

Ardo bai doke shi ba. Ya aika aka aro zani a wurin wata mai nono, ya sa aka ɗaura wa Nura a kan wandonsa, ya ce tunda ya san daɗin kwalliya ya zaga turken shanu a nuna wa jama'a. Nura ya zaga, yara na binsa da tafi. Da ya samu kansa a cikin mota sai ya gaya wa wanda ke kusa da shi cewa al'adar Fulani ce, haka suke karrama baƙo mai ilimi.

Bai kai gida ba waya ta yi ƙara. Kawu ne, daga Roni.

"Kana ina? Duk inda kake ka zo."

A Roni abin ya faɗa kan aminin Kawu ne, wani tsohon manomi mai lanƙwasasshen baya da ya zo sayen irin gyaɗa. Akwatin ya ce masa, "Sannu da aiki, manomi! Baya ya lotse? Ana tangaɗi a hanya? A shigo a buga iska, a ɗaure noti!" Tsohon ya rantse ba zai ƙara taka shagon ba, ya ce shekarunsa a duniya ba a taɓa cewa za a buga masa iska ba.

Kawu ya kama kunnen Nura a gaban 'yan acaɓan Roni kaf, ya murɗa.

"Hajiya Asma'u ta ce za ta kai ni ƙara. Ardo ya ce zai koma saye a wurin maƙwabcina. Yanzu ga wannan. Me na yi maka, Nura?"

"Kawu, a kimiyyance akwatunan ba su yi kuskure ba. Abin da aka rubuta suka..."

"Wa ya rubuta?"

"Ai nan ne maganar take da faɗi."

"Ranar Asabar zan buɗe shagon Gwiwa. Wakilin hakimi zai zo, liman zai zo. In akwatin nan ya yi tari ba bisa ƙa'ida ba, ka manta da hanyar gidana."

Nura ya dawo gida kunne a kumbure, zuciya a kumbure. Wannan karon ya yi abin da malaminsu ya ce: ya buɗe fayil guda ya rubuta GWIWA a ciki, ya sa sauran duk su riƙa ɗauka daga can. Ya gaya wa Adda cewa sabuwar fasaha ce da ya ƙirƙiro a hanyar Roni.

Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma kunnen yana zafi, kuma dole ya gwada fayil ɗin kirari. Sai ya buɗe wata ƙofa ya sa mata suna GWAJI, ya ce a bayanta zai zuba kirarin da ya dace da Kawu na gaskiya, don ya huce. Ya ɗauki murya, ya kunna. Adda ta yi dariya har ta kifar da rariya, sannan ta kama baki.

"Nura, ka goge wannan abin. Ka ji tsoron Allah ka goge."

"Gogewa aikin 'yan koyo ne, Adda. Dubi nan." Ya juyo mata da kwamfutar. Ya rubuta sifiri a gaban kalmar GWAJI. "Na mai da shi sifiri. Ya mutu."

Sai dai shi mai gadin nan, ifdef, ba ya duba lamba. Abu ɗaya yake tambaya: an rubuta sunan ko ba a rubuta ba? In sunan yana nan, ko sifiri ne a gabansa ko dubu, buɗe ƙofa zai yi. An koya wa Nura wannan a aji, a ranar da yake bayan aji yana yi wa wani bayanin yadda zai gina kamfani. Yana gama zuba manhajar a akwatin aka ɗauke wuta, shi kuma ya ce alama ce daga Allah cewa aiki ya kammala.

Don gudun irin ta Kazaure, inda takalmi ya kusa fasa masa akwati, a Gwiwa sai ya ɗaure shi a saman rumfar shago, ya haɗa shi da batirin sola da babbar lasifika. Ya cire makunnin gaba ɗaya, wai kada wani jahili ya taɓa. Waya ɗaya ya bari a sake, ya ce wa yaran shago sai an shafa fatiha za a haɗa.

Asabar ta zo. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun roba. Wakilin hakimi ya zauna a gaba da rawaninsa, liman a damansa, Kawu a hagu cikin babbar riga mai aiki, tana sheƙi. Masu keke da 'yan acaɓan Gwiwa sun cika hanya. Nura ya sa kwat a cikin zafin nan, yana zagayawa yana gaya wa mutane cewa abin da za su gani yau ko a Kano babu.

Aka shafa fatiha. Nura ya taka benci ya haɗa wayar, ya murɗe ta da filaya. Ya sauko ya ce Kawu ya fara wucewa ta ƙarƙashin idon, shi ne mai shago.

Kawu ya taka a hankali.

"Barka da zuwa, mutanen Gwiwa!"

Aka yi tafi.

"Ga taya, ga tib, ga sarƙa, ga birki. A shigo a buga iska, a ɗaure noti!"

Tafi ya ƙaru. Kawu ya waiwayo ya gyaɗa wa Nura kai, karo na farko a rayuwarsa. Nura ya ɗaga hannu biyu yana karɓar gaisuwa. Sai kirari ya zo.

"Alhaji Sama'ilu! Tumbi ya riga mai shi shiga shago! Mai shan shayi a bayan kanta don kada baƙo ya gani! Rigar ta aro ce, hular ta marigayi ce! Sarkin rowa na ƙasar Kazaure da kewaye!"

Hannuwan Nura suka tsaya a sama. Liman ya ce, "Subhanallahi," ya sunkuyar da kai, amma gemunsa yana motsi. Wakilin hakimi ya ja gefen rawani ya rufe baki. Daga can baya wani ɗan acaɓa ya fashe, shi ke nan sai hanya gaba ɗaya ta ɗauka.

"Kashe shi!" in ji Kawu.

"Kawu, ba shi da makunni."

"Ba shi da me?"

Yaron shago ya ruga zai ja waya, idon ya gan shi, akwatin ya koma farko. "Barka da zuwa, mutanen Gwiwa!" Wani ya zo taimako, ya sake komawa farko. Masu keke suka gane dabarar, sai suka shiga wucewa ta ƙarƙashin rumfar ɗaya bayan ɗaya suna kaɗa ƙararrawa. Kafin a jima jama'a sun haddace, akwatin na cewa "Rigar ta aro ce," su amsa, "Hular ta marigayi ce!"

"Kawu, wallahi kutse ne," in ji Nura. "Maƙiya ne suka shiga ta..."

Mutane suka ɗan tsagaita da giftawa, sai akwatin ya samu sarari ya kai ƙarshen kirarin, wurin da ba a kai ba tukuna.

"Ba don Bahijja ba, ko ruwa ba zan sha a gidanka ba, don na san sai ka auna! Ni ne Injiniya Nuruddeen, na faɗa na ƙara!"

Wakilin hakimi ya leƙo ta gefen rawani. "Alhaji, maƙiyin ya faɗi sunansa."

Nura ya cire takalmi ya kama ginshiƙin rumfa ya hau. Kwano ya yi zafi kamar tanda. Ya rarrafa yana "wash, wash" har ya kai ga akwatin, ya kama wayar da ya murɗe da filaya ya ja. Ba ta zo ba. Ya ja da hannu biyu, ya tokare da ƙafa. Wayar ta tsinke, shi kuma ya yi baya, ya gangaro ta bakin kwano, ya faɗa ta tsakiyar tayoyin babur da aka jera tsibi a ƙofar shago don ado. Ya shige har kafaɗa, hannuwa a matse, kai kaɗai ne a waje, tabarau a rataye a kunne ɗaya.

Sai wuri ya yi shiru, ban da masu shessheƙar dariya.

Kawu ya tako ya tsaya a kansa.

"Rigar nan," ya ce a hankali, "da kuɗina na saya."

"Na sani, Kawu."

"Hular ce dai ta marigayi Yaya. Kuma gado ce."

"Allah ya jiƙansa, Kawu. Ni na kashe kirarin nan, na rantse. Na mai da shi sifiri. Ashe shi mai gadin ba ya duba lamba, in dai sunan yana nan to yana nan. Ka ga a kimiyyance wannan babban bincike ne na gano, da za a..."

"Rufe min baki."

Nura ya rufe. Ya motsa a cikin tayoyin, ya ga ba fita. Ya ɗaga kai ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, Allah ya huci zuciyarka. To maganar Bahijja fa?"

"Ita ma na mai da ita sifiri."

Fuskar Nura ta washe. Ya juya kai wajen jama'a iya yadda taya ta bar shi.

"Alhamdu lillahi! Jama'a ku shaida, sifiri ya ce, bai ce ya goge ba! Maganar tana nan!"

Kawu ya dubi 'yan acaɓan da ke tsaye, ya nuna musu gangaren da ya nufi hanyar Kazaure.

"Ku kwantar min da shi," ya ce. "Ku gangara da shi. Tayoyin dai ku dawo min da su."